Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025: kulle kundin lissafi har shekara goma

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa masu riƙe da littattafan kuɗi na asusun ajiya da bashi, da ƙungiyoyin gama kai, da shagunan sari a Garwa da Marwa da Gaundere da garuruwan kewaye, ga bayanin abin da kwamitinku ya gudanar a shekarar 2025. Da farko muna miƙa ta'aziyya ga iyalan 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar. Allah Ya jiƙan su, Ya kyautata namu zuwan.

A babban taron bara kun ɗora mana nauyi guda: mu nemo hanyar adana lissafin kwamfuta ta yadda babu mai iya goge shi ko sauya shi har wa'adin da doka ta yanka ya cika. Kusan duk ƙarfinmu na bana a nan ya tafi.

Da yawanku kun san abin da ya jawo maganar. Wani ɗan uwanmu ya buɗe ofis da safe ya tarar lissafinsa ya ƙi buɗewa. Ni da kaina na je. Kwamfuta na aiki, amma kowane fayil sunansa ya yi wata jela da ba mu sani ba, ga saƙo a allo ana neman kuɗin fansa. Ya ce mini, "Malam sakatare, kwantar da hankalinka, ina da kwafi." Ya nuna mini wani ɗan faifan ajiya baƙi a bayan kwamfutar, igiyarsa a soke, ƙura ta lulluɓe shi saboda tun da ya saya bai taɓa zare shi ba. Muka buɗe, cutar da ta ci uwa ta ci ɗa. Makonni ya yi shi da yaransa suna sake shigar da lissafi daga guntayen rasit, masu ajiya na zuwa bakin ƙofa suna tambaya, shi kuwa mutum ne da bai taɓa cin sisin kowa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: mai gaskiya ya rasa abin da zai nuna gaskiyarsa da shi.

Doka kuma ba ta karɓar wannan uzuri. Kamaru da Chadi da Nijar duk suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokar lissafin kuɗi da aka amince da ita a Barazabil ranar 26 ga Janairu 2017, ta fara aiki 1 ga Janairu 2018, ita ke kanmu. Sashe na 24 ya wajabta adana littattafan lissafi da takardun shaida har shekara goma. Sashe na 22, wanda yawancinmu ba mu taɓa karantawa ba sai bana, ya yi magana a kan mai lissafi da kwamfuta: abin da aka shigar aka tabbatar kada a iya goge shi ko a ƙara masa ko a sauya shi daga baya, tabbatarwar kada ta wuce wata guda, rufe lissafi a kwamfuta kuma aƙalla duk wata uku. Waɗanda ke ƙarƙashin hukumar COBAC mai sa ido kan bankuna da ƙananan asusun bashi a ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, sun san masu bincikenta ma takarda suke tambaya, haka jami'an haraji.

A bitar da muka yi a Garwa, Baba ma'aji, wanda ya girme mu duka a wannan sana'a, ya ɗauko tsohon littafinsa mai baƙin bango ya ɗora a tebur. Ya buɗe wani shafi ya nuna inda ya taɓa kuskuren lamba. Bai kankare ba, bai shafa farin ruwa ba. Ya rubuta lambar da alamar ragi a layi na gaba, sannan ya rubuta daidai a ƙasa, kamar yadda sashe na 20 ya ce. Ya dube mu ya ce, "Ku yara, kwamfutarku za ta iya wannan? Ta bar kuskure a inda yake kowa ya gani?" Da wannan tambaya muka auna duk wata dabara da aka kawo mana a bana.

Mun gwada hanya biyu. Ta farko faifan DVD-R, wanda ake rubutawa sau ɗaya ba a sake rubutu a kansa. Yana da araha, ba ya buƙatar intanet, ya dace da ƙaramin asusu a ƙauye. Ta biyu ma'ajiyar intanet mai kulle, irin tsarin Object Lock na Amazon S3 da makamantansa. Kullen iri biyu ne. Akwai mai sassauci, wanda mai babban izini zai iya ɗagewa. Akwai mai tsauri, wanda da zarar an sa wa'adi babu mai goge fayil ko rage kwanakin, ko da mai asusun ne. Ƙarawa kawai ake iyawa.

A nan aka kai ruwa rana a kwamiti. Wasu suka ce a ɗauki mai sassauci, a bar mabuɗi a hannun shugaba ko da wani abu zai taso. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi. Mabuɗin da shugaba zai iya amfani da shi, ɓarawon da ya saci kalmar sirrinsa ma zai iya, kuma ranar da aka zargi shugaban kansa, me zai kare shi? Alhaji shugaba ne ya raba gardamar da bakinsa, ya ce a kulle har da shi. Allah Ya saka masa da alheri.

Sai dai ba kowane kwafi ake wa kullen shekara goma ba. Kwafin yau da kullum mun ba da shawarar a kulle shi na ɗan gajeren lokaci, kamar wata guda, don kariya daga masu neman fansa. Kundin shekara, wato babban littafi da littafin shigarwa da bayanan ƙarshen shekara da hotunan rasit, shi ake wa dogon kulle, bayan an rufe lissafin 31 ga Disamba. Wanda ya kulle rasit ɗin Janairu 2025 tun a Janairun, kullensa zai buɗe a farkon 2035, kusan shekara guda kafin shekara goma ta cika daga rufe lissafin, shi ya sa muka ce a ƙirga daga rufewar a kuma ƙara 'yan watanni. Ku sani kuma, kulle ba ya hana fayil salwanta idan aka daina biyan kuɗin haya har aka rufe asusun ma'ajiyar intanet ɗin. Saboda haka asusun intanet ɗin ya zama da sunan asusun ajiya ko shagon, kada a buɗe shi da imel da lambar wayar yaron ofis da zai iya komawa Duwala ko Injamena baɗi. Mabuɗin warware fayilolin da aka lulluɓe da sirri shi ma sai ya rayu shekara goma: a rubuta shi, a like a ambulan biyu, a ba amintattu biyu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mun yi kuskure guda. A gwajin farko mun loda jakar fayiloli gaba ɗaya ba mu tace ba, ashe akwai hotunan katin shaidar wasu mutane da ba su da alaƙa da lissafin. Allah Ya taimake mu wa'adin gwajin gajere ne, muka jira ya cika muka goge. Da shekara goma muka sa, da babu yadda za mu yi. Dokar kare bayanan mutane da Kamaru ta kafa ranar 23 ga Disamba 2024 ba ta yarda a riƙe bayanin mutum fiye da buƙata ba, ta kuma sa sharuɗɗa kan fitar da shi ƙasashen waje. An ba da wata 18 a daidaita, wato zuwa Yunin 2026. Yanzu ƙa'idarmu mutum biyu su duba jaka kafin a kulle.

Ranar gwajin dawo da bayanai a Marwa ita ma ta buɗe mana ido. Wata Hajiya mai riƙe da lissafin adashin mata ta kawo faifanta guda biyu daga cikin akwatin ƙarfe da ke ɗaki mai rufin kwano, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40. Ɗaya ya buɗe, ɗaya ya ƙi. Tun daga nan muka ce faifai biyu, a inuwa, ɗaya a wani gari dabam, domin ambaliyar 2024 da ta ci Yagwa da gaɓar kogin Logon ta nuna abin da ruwa ke yi wa ofis a dare ɗaya. Kowane kundi kuma a fitar masa da lambar SHA-256, wadda take kamar zanen yatsan fayil, harafi ɗaya ya sauya ita ma ta sauya. A buga ta a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu.

Sauran ayyuka a taƙaice: an yi bita a Garwa da Marwa da Gaundere, ta Kuseri ba ta samu ba, muna ba 'yan uwanmu na can haƙuri, da ita za mu fara baɗi in Allah Ya yarda. An fassara sassan nan uku na dokar OHADA, na 20 da 22 da 24, zuwa Hausa, ta Fulatanci tana hannun masu dubawa. Kuɗin wata-wata ya yi tafiyar hawainiya, ma'aji zai karanta lissafinsa dalla-dalla a zauren taro, kuma lissafin ƙungiyar ne kundi na farko da za a yi wa kullen shekara goma.

Babban taro zai kasance bayan ƙaramar Salla, za a sanar da rana ta wayoyinku. Kowa ya zo da kundin 2025 a faifai, da takardar lambarsa mai sa hannu, za mu buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar da ba ta ofishinsa ba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti