Ƙungiyar da 'yan wasanta ba sa karɓar albashi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafin wasanni, wanda kullum Firimiyar Ingila ke cinyewa, in ba masu karatu labarin ƙungiyar da nake zuwa kallo a nan jihar Michigan ta Amurka, wato Flint City Bucks.

An kafa ta a 1995 da sunan Mid-Michigan Bucks, a garin Saginaw. Daga baya ta zama Michigan Bucks, a 2019 kuma ta tare a Flint. Tana buga USL League Two, ɗaya daga cikin ƙananan gasannin ƙwallon ƙafa na Amurka. Yawancin 'yan wasan ɗaliban jami'a ne masu zuwa lokacin dogon hutu, kuma ko sisi ba a biyansu. Daga watan Mayu zuwa farkon Agusta an gama kaka, kowa ya koma aji.

Amma fa kada a raina su. A shekarar 2000 sun fitar da New England Revolution ta babbar gasar MLS daga kofin US Open Cup da ci 1-0, a 2012 suka yi wa Chicago Fire, ita ma ta MLS, 3-2 a wannan kofin. Kofin gasarsu kuwa sun ɗaga shi a 2006, 2014, 2016 da 2019.

Ranar da na fara shiga filinsu na Atwood da ɗana, ana busa tashi yara suka yi dafifi bakin shinge, mai tsaron gida ya tsaya yana sa musu hannu a riga, gumi na ɗiga. Rigar ɗana har yau ya hana a wanke ta.

Naku,
Wani mai karatu daga Michigan