Barka da Sallah, Baba da Inna

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina yi muku barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. A gaida Yaya da yara da kowa da kowa.

A wurin aiki na kwana, gidan kula da tsofaffin nan na Ingila, sai da na dawo na zauna kallon hotunan da aka turo. Baba, na ga kun rame, kuma Yaya ya ce tun da kuka yi ritaya, daga kujera sai shimfiɗa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kasa yin shiru duk da ranar murna ce.

Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, shekararta 88. Kullum da safe sai ta tashi daga kujera ta koma sau goma, ba ta dafa komai, tana ƙirgawa da ƙarfi, sannan ta zagaya lambu. A ɗakin da ke kusa da nata akwai wani dattijo da bai kai ta shekaru ba. Faɗuwa ɗaya ya yi, tsoro ya hana shi takawa. Cikin 'yan makonni cinyoyinsa suka zube, yanzu sai mun haɗu mu biyu muke ɗaga shi. Wallahi duk lokacin da na riƙe hannunsa, ku nake tunawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ku fara da minti goma, ku da Inna, tafiyar da za ta ɗan ɗaga numfashi amma ba ta hana hira ba. Saboda hawan jinin nan, a fara jin ta bakin likita.

Inna, don Allah a rage gishiri. Giram 5 ne iyakar mutum a yini, bai cika cokalin shayi ba, kuma dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne. A yawaita ganye da 'ya'yan itatuwa, a riƙa sa wa Baba wake ko ƙwai ko kifi, su ke riƙe tsoka. Ruwa kuma a ajiye kusa da shi, don mai shekaru ba ya saurin jin ƙishirwa.

Zan kira ranar Juma'a in sha Allahu, in ji sau nawa Baba ya tashi daga kujerar.

Taku har kullum,
'Yarku