Wasiƙa daga Houston kan Dillancin Gidaje

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka, har da zolayar da ka yi mini cewa na ƙetare teku don in zama dillali, sana'ar da a Kano ba ta buƙatar komai sai waya da baki da sanin lungu. Na sha dariya, amma bari ka ji yadda abin yake a nan.

A jihar Texas mutum ba ya karɓar ko sisin la'ada sai da lasisin TREC, hukumar da ke kula da harkar dillancin gidaje a jihar, kuma ba a ba shi lasisin sai ya yi karatun awa 180, wanda aka raba kwas shida, kowanne awa 30. Biyu suna kan tushen sana'ar, sauran kuwa dokar wakilci ce, da dokar yarjejeniya, da takardun ciniki waɗanda hukumar ta tsara da kanta, sai kuma harkar bashin sayen gida. Ni ta intanet na yi nawa, da daddare bayan na taso daga aiki, saboda ya fi araha. Daga nan aka ɗauki hoton yatsuna, na zauna jarrabawa, Allah Ya ba ni sa'a.

Sai dai lasisin sabon shiga a kwance yake, ba ya aiki har sai wani babban dillali, wanda ya yi aƙalla shekara 4 a sana'ar, ya amince ya riƙe shi a ƙarƙashinsa. Ka tuna yadda yaro yake zama a shagon ubangidansa a Kantin Kwari kafin a sallame shi? To, kusan haka ne, illa dai a nan yaron ne yake zaɓar ubangida, kuma babu albashi, ko abincin rana ba a ba shi.

Ofisoshi uku na zagaya. Na farko sun ce la'adar duka tawa ce, abin da zan biya kawai kuɗin wata-wata ne da wani abu kaɗan a kan kowane ciniki. Raina ya biya ƙwarai, har sai da na tambayi wanda zai zauna da ni ranar da zan cika takardar cinikina ta farko, aka ce akwai bidiyoyi. Na biyun babban kamfani ne mai azuzuwan horo, kashi 70 nawa, 30 nasu, amma sababbin shiga sun yi yawa har mai koyarwar bai riƙe sunana ba. A ƙarshe na zauna a wani ƙaramin ofis na wata dattijuwa wadda ta gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa raba daidai za mu yi a cinikayya uku na farko, ita kuma za ta duba kowace takarda kafin kowa ya sa hannu. Abokai a nan sun ce na yi wauta.

A cinikina na farko na gane abin da na saya da rabin la'adata. Takardar hukuma ta ce dole mai saye ya kai kuɗin kafin alƙalami ga kamfanin da ke riƙe amana cikin kwana 3 da ƙulla ciniki, in ba haka ba mai gida yana da ikon fasawa. Na karanta wannan a kwas, na kuma amsa shi a jarrabawa, amma murna ta sa na sha'afa. Dattijuwar ce ta kira ni da safiyar rana ta uku tana tambayar rasit. Haka kuma ita ta koya mini yadda ake yi wa mai neman gida bayanin yarjejeniyar da ke tsakaninsa da dillali, wadda tun watan Agusta na 2024 dole ya sa wa hannu kafin a zagaya da shi gida ko ɗaya, alhali mutanenmu da zarar sun ga takarda sai su ɗauka tarko ne.

Yanzu sauran karatun awa 90 da dole in kammala kafin sabunta lasisi nan da cikar shekara 2, kuma wannan karon a aji zan yi shi, inda zan iya ɗaga hannu in yi tambaya.

Ka gaida Hajiya da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka amini.