Godiya Ga Garejin da Ya Auna Injina Kafin Ya Ba Ni Shawara

Zuwa ga Oga da dukan yaran gareji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan aiki yana tafiya lafiya, na ga ya dace godiyar da na yi muku da baki in maimaita ta a bainar jama'a, ko don masu ƙananan motoci da ke kai-kawo da irin tambayar da ta kawo ni wurinku: a sauya inji ne gaba ɗaya, ko a ɗaura wa na ciki turbo, wato na'urar da ke ƙara cusa iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi?

Motata Honda Civic ce ta shekarun 1990, mai injin D16, lita 1.6. Ta ci hanya ƙwarai, ni kuma ƙarin ƙarfi nake nema, raina kuwa duk yana kan turbo. Ba ku ce mini e ba, ba ku ce a'a ba. Sai kuka sa yaro ya kwance fulogogin nan huɗu, kuka ɗaura ma'aunin matsi a ramin farko, aka danne totur aka buga sitata. A silinda uku allura ta tsaya kusan wuri ɗaya, a ta ƙarshe ta kasa kamo su da nisa. Kuka ɗiga ɗan baƙin mai a ramin, aka sake bugawa, sai ga allura ta haura. Nan kuka juyo kuka ce, "Ka gani? Ringin fistin ne. Man ya toshe gefensa na ɗan lokaci. Da bawul ne ke yoyo, da allurar ba ta motsa ba." Ban taɓa ganin an nuna mini ciwon inji ƙiri-ƙiri haka ba tare da an sauke shi ba.

Daga nan kuka zaunar da ni kuka warware mini abin da turbo yake yi. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata 'yar farfela, gudunta ya wuce zagaye 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin inji. Iskar da muke shaƙa matsinta kusan psi 14.7 ne (psi ma'aunin matsin iska ne), don haka in turbo ya ƙara psi 7, an ƙara wa inji kusan rabin iskar da ya saba samu. Sai an bi ta da fetur daidai gwargwado. In fetur ya gaza, ko iskar ta shiga da zafi, man yakan kama da kansa ba bisa tsarin tartsatsin fulogi ba, abin da ke farfasa gefen fistin ko ya ƙone gasket. Shi ya sa akwatin turbo shi kaɗai ba komai ba ne: akwai na'urar sanyaya iska, da manyan nozul, da famfon fetur, da bututun da zai kai baƙin mai ya dawo da shi, da kuloci mai riƙo, sannan uwa uba sake saita kwamfutar mota. Duk wannan a kan ringin da ya riga ya gaji, kuka ce, ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku kushe turbo ba. Kun faɗa mini cewa dabara ce tsohuwa, tun 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistarta, kuma yau ƙananan motoci da yawa da shi suke fitowa daga kamfani. Sai dai waɗannan tun daga zane aka shirya fistin da sanyayarsu don ɗaukar matsin. Kun ce da injina lafiyayye ne, da turbo mai sauƙin matsi zai fi ba ni ja a tsakiyar gudu, inda direba ya fi buƙata in zai wuce babbar mota. Kowa ya san aikin turbo a tsohon inji yakan sa mai mota ya riƙa zarya gareji, kuma zaryar nan ku za ta amfana. Kuka bar ta.

Shawarar da muka tsaya a kai ita ce a sauya inji a sa B16A, injin da Honda ta fitar a 1989, shi ma lita 1.6, amma da ƙarfin doki 160 ba tare da turbo ba, wato doki 100 a kowace lita. A nan ma ba ku rufe ni ba. Kun gaya mini ƙarfinsa a sama yake, sai allurar gudun inji ta wuce zagaye 5,000 a minti tsarin VTEC, wanda ke ƙara buɗe bawul, ke fara aiki, a ƙasa kuwa bambancinsa da tsohon ba shi da yawa. Kun kuma lissafa abin da zai biyo shi: giyabos nasa, shaf, kujerun inji, sandar giya, kwamfuta, da ƙarin wayoyi. Masu cewa a cire wannan a jefa wancan kawai ba su taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ba.

Da injin ya iso, kasancewarsa na hannu, ba ku yarda da kyan bayansa ba. Kuka buɗe murfin sama aka haska tocila, kuka sauke kaskon mai, kuka sa yatsa kuna murza ragowar man a hasken rana ko za a ga ƙyallin garin ƙarfe. Babu. Duk da haka sai da aka sa sabon bel na taimin da famfon ruwa tun inji yana ƙasa, domin irin wannan in bel ya tsinke, fistin da bawul karo suke yi.

Dole in ware mai rewaya in gode masa. Kowace waya dalma ya yi mata ya rufe, ba murɗawa da salatif ba, har ya zana mini takardar inda kowace ta nufa. Yau ina tayar da mota, fitilar gargaɗin inji ta kama ta ɗauke yadda ya kamata.

Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye ba, ranar da kuka hana ni mabuɗi kuka ce sai an ƙara girman birkin gaba. Ɗoki ne ke cina, ku kuma ko a jikinku. Da na taka shi a gangara da mutane cike da mota, haushin ya wuce. Haka nan tunatarwar da kuka yi mini cewa lambar inji ta canja, in gyara takardu in sanar da kamfanin inshora, ba aikin bakanike ba ne, amma kun yi.

Kun mayar mini da tsohon injina da duk abin da aka cire, har kusoshi a leda. Akwai wani abokina mai irin motata da ya matsa lallai sai turbo. Na ce masa ya zo ku fara ɗaura masa ma'aunin nan tukuna, abin da allura ta nuna shi za a bi.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a, ya yaye yaranku lafiya.

Naku,
Mai Civic ɗin nan.