Wasiƙa zuwa ga aminina kan koyar da zane

Aminina Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma ka fara sabawa da garin da aka tura ka. Na karanta saƙonka inda ka ce an ɗora maka darasin zane da aikin hannu, alhali makarantar ba ta da ko gwangwanin fenti ɗaya. Haka na tarar da tawa a nan Kano shekaru tara da suka wuce.

Zangon farko ya tafi ne ina rubuta takardar neman kayan aiki, ana ce mini in jira. Yara sun haura tamanin a aji, darasin minti arba'in ne, kuma sai daf da tashi ake sa shi, lokacin da yunwa ta riga ta ɗauke musu hankali. Sai na koma cika allo da bayani suna kwafa, har suka haddace cewa shuɗi da ruwan ɗorawa ke ba da kore, ba tare da ɗayansu ya taɓa haɗawa da hannunsa ba.

Wani yaro ne ya buɗe mini ido, ranar da na ga zayyanar da ya yi a bangon littafinsa da alƙalamin kara da tawadar makarantar allo. Na sa shi ya nuna wa ajin yadda ake daka gawayi a dama shi da ƙaro, kuma daga ranar muka daina jiran fenti. Muka tara jar ƙasa da farar ƙasa da shuni da gangamau, muka mai da kwalayen da masu shago ke zubarwa takardar zane. Amma ka yi hattara da zoɓo: ja ne a kofi, a takarda kuwa yana juyewa zuwa shuɗi-shuɗi, sannan ya koɗe. Aikin mako biyu muka yi asara kafin na gane.

Za ka gamu da iyaye masu damuwa kan zanen abu mai rai. Wani dattijo ya same ni a kan haka, ban kuma ja shi da muhawara ba, domin ba fagena ba ne. Na shimfiɗa masa ayyukan ɗansa: dagin Arewa, aska takwas ta gaban babbar riga, da zanen bayan ƙwarya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi abin da yaro zai ci da wannan sana'a. Na ciro naira ashirin na nuna masa hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja, na kuma tuna masa cewa Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana ba da digiri a wannan fanni.

Batun lokaci kuwa, ka lallaɓi mai tsara jadawali ya haɗa maka darussa biyu a jere, ka raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni da wanda zai wanke kayan. Idan akwai marina kusa da ku, ka kai su. Da na kai nawa Ƙofar Mata, sun ga ƙyalle ya fito daga karofi da ɗan kore-kore, iska ta mai da shi shuɗi a gabansu, kuma har yau suna zancen.

Abin da har yanzu ya gagare ni shi ne jarrabawa, domin manhajar ta cusa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo cikin darasi ɗaya, tambayoyin kuma sun fi saka wa mai hadda fiye da mai hannu. Ka rubuto mini irin yumɓun da ake samu a wajenku, ni kuma zan aiko maka da ƙaro mai kyau. A gaida Maman yara.

Naka amini.