Wasiƙa zuwa ga ɗana a Amurka, kan kuɗin ƙungiyoyin matasa

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa, ya karatu, ya sanyi? Mu nan sai godiya. Saƙon da ka tura a zauren WhatsApp na gida ne ya sa na ɗauki biro, don ban so in amsa maka a gaban ƙannenka ba. Ka ce wai Yahudawa sun saye ƙungiyoyin matasa masu ra'ayin riƙau na Amurka, su ke juya su yadda suka ga dama. Sau biyu na karanta, sannan na cire tabarau na ajiye.

Ƙungiyar da kake nufi, Turning Point USA, Charlie Kirk ya kafa ta a 2012 yana ɗan shekara 18. Cikin waɗanda suka fara tallafa masa akwai Foster Friess, attajirin Wyoming, Kirista mai riƙo da addininsa ƙwarai. Akwai gidauniyar iyalan Uihlein, akwai ta Bradley da ke Milwaukee. Bernie Marcus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shagunan Home Depot, Bayahude ne, kuma ya bayar, ban musa ba. Sheldon Adelson, shi ma Bayahude, mai gidajen caca a Las Vegas a lokacin, ya zuba kuɗi a 2015 aka kafa Maccabee Task Force, don tinkarar masu kiran a ƙaurace wa Isra'ila a jami'o'i. Kowannensu da sunansa da abin da yake nema. Wasu kuɗin kuma ta DonorsTrust suke bi, wata kafa da ke karɓa daga hannun attajiri ta miƙa ba tare da sunansa ya fito ba. To wanda ya ce maka ya san addinin kowane mai bayarwa, tambaye shi a ina ya ga sunayen.

Ban ce kuɗi ba ya zuwa da igiya ba. Bayan an harbe Kirk ranar 10 ga Satumba 2025 a wata jami'a a Utah, saƙonninsa sun fito inda yake kukan wani babban mai bayarwa Bayahude ya janye dala miliyan 2 a shekara, saboda ya ƙi raba gari da Tucker Carlson mai sukar Isra'ila. Kakakin ƙungiyar ya tabbatar saƙonnin nasa ne. Matsin lamba ne wannan, kuma kana da damar kiransa da sunansa. Amma ka lura: yaron ya ƙi, kuɗin ya tafi, ƙungiyar ba ta rushe ba. Mai riƙe da akala ba ya fushi ya tafi, ja yake yi.

Sannan binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kusan bakwai cikin goma na Yahudawan Amurka ɓangaren jam'iyyar Democrat suke, wadda ke adawa da masu ra'ayin riƙau. George Soros Bayahude ne, kuɗinsa wancan ɓangaren yake zuwa. A zanga-zangar da aka yi kan yaƙin Gaza a jami'o'in Amurka a 2024 ma akwai ɗalibai Yahudawa cikin waɗanda aka kama. Su kuma a wane kwando za ka sa su?

Kana ƙarami a Disamba 2009 lokacin da yaron nan ɗan ƙasarmu ya so tayar da bam a jirgin Detroit. Mahaifinsa da kansa ya kai rahotonsa ofishin jakadancin Amurka tun kafin abin ya faru, amma duk da haka aka sa Najeriya cikin ƙasashen da ake yi wa bincike na musamman. A tafiyata ta shekarar da ta biyo baya, gefe aka ja ni, aka cire mini hula ana lalube cikinta, aka kwance ƙullin yajin da mahaifiyarka ta sa mini ana shinshinawa, mutane suna kallo. Laifin mutum ɗaya ne, koren fasfo kawai muka haɗa da shi. Ranar nan ta dawo mini da na karanta saƙonka.

Ka goge shi, don Allah. Taron da ka ce an gayyace ku, da kuɗin jirgi da otal kyauta, kafin ka amsa ka nemi sanin wa ya biya, ko Kirista ne, ko Bayahude, ko ɗan uwanka Musulmi, da abin da yake so ku faɗa in kun dawo. Kuma ka tuna bizar ɗalibi gare ka.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ranar Juma'a ka kira da wuri, kafin a ɗauke wuta.

Mahaifinka