Birkin bayan tsofaffin a-kori-kura: a daina toshe tiyo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin wata matsala da ta yi yawa a tsofaffin a-kori-kura masu jigila tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa, Tasawa da Dakoro, musamman Hilux da Peugeot 504 bashe: direba ya taɓa birki kaɗan, tayoyin baya su kafe, bayan mota ya juyo gefe. Maganin da wasu ke yi shi ne su sassauta birkin baya har ya daina kamawa, ko su daddaƙe bututun mai da guduma. Wannan ba gyara ba ne. Ranar da aka ɗora buhunan gero aka taka birki a kwalta, na gaba kaɗai ba zai tsayar da motar ba.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a sami fili a gwada motar a hankali, wani ya tsaya gefe ya duba: taya ɗaya ce ke kafewa ko duka biyun? Kuma in an ɗaga ƙafa, tana saki ko tana ci gaba da riƙewa? Amsar nan ita ke nuna inda za a sa hannu.

In taya ɗaya ce, ciwon yana cikin tambur, wato kwanon ƙarfen birki da ke juyawa tare da taya. A cire shi a duba garnitir, wato fatar birki da ke goga cikin tambur. Mafi yawan lokaci za a tarar ya jiƙe, ko da man birki daga ƙaramin silindan taya, ko da man giya da ya ɓalle ta robar pon, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Mutane na zaton mai santsi yake sa wa, alhali in ya haɗu da ƙura ya zama danƙo, cafkewa yake yi. Garnitir da ya sha mai ba a wanke shi da fetur, ba a ƙona shi a wuta kamar yadda ake gani a wasu garejoji, domin man zai sake tsattsafowa da zarar ya ɗau zafi. A sa sabo, kuma a tayoyin biyu tare. A duba ɗan ramin shaƙar iska da ke saman pon; ƙurar hunturu kan toshe shi, iska ta matsu a ciki ta turo mai waje, sai ka ga sabuwar roba ta sake yoyo. Sauran abubuwan dubawa a nan su ne rasor ɗin da ke dawo da garnitir in ya saki, da wayar birkin hannu in ta yi tsatsa, da faɗin tambur. Iyakar faɗinsa tana rubuce a jikinsa: na Hilux mai milimita 254 kada ya wuce 256, mai 295 kada ya wuce 297. A motocin da garnitir ɗinsu ba tsawo ɗaya ba ne, gajeren shi ke fuskantar gaba. Ƙurar ciki kuwa kada a hura ta da baki ko da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

In duka biyun ne ke kafewa, musamman mota ba kaya, a leƙa ƙarƙashi. A Hilux akwai bawul a jikin shasi, da dogon ƙarfe da ya haɗa shi da pon. Aikinsa auna nauyi: in bayan mota ya zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ya tashi ya rage. To, a nan lodin da ya wuce kima ke nuna illarsa. Shekara da shekaru ana labta kaya, lam, wato ganyayen ƙarfen da ke ɗauke da bayan mota, ya gaji ya kwanta, bawul kuma yana ganin kullum motar cike take, sai ya riƙa tura cikakken ƙarfi ko da babu ko buhu ɗaya. Gyaran lam ne farko, sannan a daidaita ƙarfen. Wanda kuma ya ƙara ganyen lam ya ɗaga motar bai taɓa bawul ba, nasa akasin haka ne: birkin baya zai yi rauni lokacin da ake bukatarsa. In bawul ɗin ya sandare ko an cire shi, a mayar da mai aiki. Kada a manta da gaba, domin in fistan na gaba ya maƙale, duk aikin kan koma baya.

Wanda ke riƙewa bayan an ɗaga ƙafa gwajinsa mai sauƙi ne. A ɗaga motar da kirik, a tokare ta, a taka birki a saki, sannan a buɗe ƙusar cire iska ta taya. In mai ya feso taya ta saki, man ne ya kasa komawa. A sake takawa, a sassauta bututu a bakin babban silinda, wanda fedal ke turawa. In ta saki daga can, laifin nasa ne, ko fedal ba shi da ɗan wasan milimita 3 zuwa 6. In ba ta saki ba, a fara zargin tiyon roba da ke sauka zuwa pon, wanda kan ruɓe ta ciki yana kyau ta waje. Man da ya dace DOT 3 ko DOT 4 ne, a canza shi duk shekara 2. In an taɓa zuba man inji ko na sitiyari, robobin duka sun kumbura, sai an canza su an wanke layin.

Cafkewar da ake ji da safe a damina, ko bayan an ratsa ruwa wajen Gulbi, tsatsa ce da laima, takan wuce bayan taka birki a hankali sau uku ko huɗu. In ta ci gaba bayan haka, a buɗe tambur. Wajen cire iska daga layin mai bayan gyara, a fara da tayar da ta fi nisa da babban silinda, a ƙare da bawul ɗin, domin shi ma yana da tasa ƙusar.

Wassalam,
Wasu makanikai daga Maraɗi